Daga Haikalin Liurong Zuwa Lambun Yuexiu a Ƙafa: Amsa Ga Ɗan Kasuwan da Ke Jiran Lodi a Guangzhou

"Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne daga Kano, ina zuwa Guangzhou ta ƙasar Sin sarin yadi da takalma, kuma a unguwar Xiaobei nake sauka. Duk zuwan da nake yi ban san ko'ina ba sai kasuwa, sito da masauki. A wannan karon zan sami rabin yini ina jiran a yi mini lodin kwantena. An ba ni labarin wani tsohon haikali mai doguwar hasumiya, da wani lambu mai mutum-mutumin awaki biyar, an ce suna kusa da juna. Shin mutum zai iya takawa a ƙafa daga wannan zuwa wancan? Na haura shekara hamsin, gwiwata kuma tana ɗan taɓa ni. Sannan yaya batun sallah da abinci, kuma ya Musulmi zai yi a wurin ibadar da ba tasa ba?"

Wa alaikumus salam, Alhaji. Haikalin da aka ba ka labari shi ne Liurong, lambun kuwa Yuexiu, kuma duk suna gunduma ɗaya da masaukinka. Abin da kake son sani, in na fahimce ka, shi ne ko tafiyar za ta yiwu ga mai lallaɓa gwiwa cikin rabin yini, ba tare da ya rasa sallah ko ya ci abin da bai yarda da shi ba. Za ta yiwu. Tsakanin ƙofar haikalin da gindin tudun lambun bai kai kilomita biyu ba, kuma duk shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ce. Nisan ba shi ne abin dubawa ba. Abin dubawa shi ne ta ina za ka fara, da ta wace ƙofa za ka shiga lambun, domin lambun nan a kan tudu yake. Aikina tafinta da rakiyar 'yan kasuwa ne a garin, kuma duk wanda ya nemi in zaga da shi wannan yanki, daga haikalin nake farawa da safe, mu nufi arewa, mu ƙare a lambun.

Dalilin wannan tsari

Guangzhou ta dā gari ce mai ganuwa. Kogin Lu'ulu'u yana kudu da ita, tudun Yuexiu yana arewa, haikalin Liurong kuwa yana cikin birni ta wajen yamma. A shekarar 1380, farkon daular Ming, aka faɗaɗa ganuwar ta haye kan tudun, aka gina hasumiyar tsaro a ƙololuwarta. Daga 1918 hukumar gari ta fara rushe ganuwar tana shimfiɗa tituna a gurbinta, sai ɓangaren da ke kan tudun ya tsira, tsawonsa ya ɗara kilomita ɗaya kaɗan. To in ka taso daga haikalin ka nufi lambun, daga cikin tsohon birni kake takawa zuwa bangonsa na arewa, kamar Bakano ya taso daga cikin gari ya nufi badala. Wanda ya riƙe wannan a ransa zai gane abin da yake gani, ba gine-gine barkatai kawai ba.

Akwai kuma dalilai na yau da kullum. Haikalin yana rufewa da wuri, wajen ƙarfe biyar na yamma, lambun kuwa yana kaiwa dare a buɗe. Harabar haikalin daɓe ce, da rana ta take sai ta ɗau zafi, lambun kuma inuwa ce kusan ko'ina. Na uku, wanda ya fi shafarka: ƙofar gabas ta lambun a kan titin Xiaobei take, ta yamma kuma tana kusa da masallaci. Kenan tafiyar za ta sauke ka ko dai a bakin masaukinka ko a wurin sallah, lokacin da ƙafa ta gaji. In ka juya tsarin, za ka ƙare a tsakiyar gari da gajiya, kana neman hanyar komawa.

Daga Xiaobei ka hau jirgin ƙarƙashin ƙasa layi na 5, tasha ɗaya zuwa tashar jirgin ƙasa ta Guangzhou, ka sauya zuwa layi na 2 mai nufar kudu, ka sauka a Gongyuanqian. Daga nan ka bi titin Zhongshan ka yi yamma, ka tsallaka titin Jiefang, ka shiga titin Liurong ta hannun dama. Minti goma ne ko sha biyar. Tun kafin ka isa za ka hango hasumiyar ta leƙo ta saman gidaje.

Abin da ke cikin haikalin

An kafa shi a shekarar 537, zamanin Sarki Wu na daular Liang, sarkin da ya shahara da riƙon addinin Buda. Gobara ta cinye shi a ƙarni na goma, aka sāke gina shi a 989, aka sāke tayar da hasumiyar a 1097. Sunan da yake amsawa yanzu daga baya ya samo shi. A shekarar 1100 mawaƙi kuma jami'in gwamnati Su Shi, yana kan hanyar dawowa daga gudun hijirar da aka tilasta masa a tsibirin Hainan, ya yada zango a nan, ya ga manyan itatuwa shida dangin ceɗiya, masu saiwoyi na reto daga rassa, ya rubuta haruffa biyu da ke nufin itatuwan nan shida. Su ne Liurong, kuma su ne a saman ƙofar shiga har gobe. Itatuwan asali sun daɗe da mutuwa, kada ka ɓata lokacin ƙirga su.

Hasumiyar ita ce abin kallo. Tsayinta mita 57 da 'yan kai, kusurwa takwas gare ta, daga waje hawa tara za ka ƙirga amma a ciki hawa 17 ne, domin akwai ɓoyayyen bene tsakanin na fili da na fili. Rufin kowane hawa ya lanƙwasa sama a gefe, an shafe shi da ja da fari, shi ya sa mutanen gari ke ce mata Hasumiyar Fure. Kada ka sa ran hawanta. An fi barinta a rufe don kare ginin, kuma ko a buɗe take, matattakalarta ƙunci gare ta da tsayi, ba ta gwiwarka ba ce. Ka koma can kusurwar haraba ka ɗaga kai, daga nan ta fi kyau. Bayanta akwai babban zaure mai mutum-mutumin Buda guda uku na tagulla da aka zuba a 1663, kowanne tsayin mita shida, nauyin tan goma. Ana ganinsu sarai daga bakin ƙofa ba sai an shiga ba.

Wurin ba shi da girma. Minti arba'in sun ishe ka, har da zama a benci.

A kan hukuncin shigar Musulmi wurin bautar wasu, wannan fagen malamai ne, ka tambayi malamin da ka amince da shi kafin ka taso. Ni abin da zan iya gaya maka shi ne yadda wurin yake. Haikali ne mai rai, akwai masu zuhudu da ke zaune a ciki, akwai masu zuwa ibada, akwai kuma 'yan kallo da yawa, Sinawa da baƙi, waɗanda ba ruwansu da addinin. Babu mai tilasta maka rusunawa ko kunna turare. Idan aka miƙo maka turaren tsinke a ƙofa, ka ɗaga hannu da murmushi ka wuce, ba wanda zai ji haushi. Ba a cire takalmi a haraba. Abin da suke ƙi shi ne a taka dokin ƙofa, wanda a gine-ginensu yake da tudu, sai dai a tsallake shi. Da ɗaga murya. Da ɗaukar hoton mutum yana tsakiyar ibadarsa ko hoton cikin zaure inda aka hana. Cikin waɗanda na raka akwai masu tsayawa a haraba su kalli gini su fita, akwai kuma wanda ya ce shi daga titi zai kalli hasumiyar, kuma bai yi asarar komai mai yawa ba, don rabin kyanta daga waje ake gani. Ka dai guji ranar ɗaya da ranar sha biyar ga watan gargajiyar Sinawa, wato tsayuwar wata da cikarsa, domin ranakun ibadarsu ne, cunkoso da hayaƙin turare sukan cika wurin.

In kana da ƙarin rabin sa'a, akwai abin da zan so ka ƙara tun kafin haikalin. Kudu da titin Zhongshan, tafiyar kamar minti goma, a titin Guangta, masallacin Huaisheng yake, ɗaya daga cikin mafi daɗewa a ƙasar Sin. Hasumiyarsa mulmulalliya ce, ba ado, tsayin mita 36, ba ta yi kama da ginin Sinawa ba ko kaɗan. A zamanin daulolin Tang da Song unguwar nan ce mazaunin fatake Larabawa da Farisawa, kogin kuma ya fi kusa da ita fiye da yau, har hasumiyar takan yi wa jiragen ruwa jagora. Ɗan kasuwa Musulmi da ya zo saro a garin nan ya kamata ya san cewa fiye da shekara dubu ke nan irinsa suna zuwa.

Tsakanin haikalin da tudun

Da ka fito, ka yi arewa a titin Liurong, ka karkata gabas zuwa titin Jiefang, ka bi shi har ya haɗu da babban titin Dongfeng, ka tsallaka, ka yi gabas kaɗan. Wannan yanki ba shi da wani abin a-zo-a-gani: shagunan turare da carbin mabiya Buda a kusa da haikalin, sai gidajen shayi, sai ofisoshi. Abu ɗaya zan ja kunnenka a kai, baburan lantarki na masu kai saƙon abinci. Ba su da ƙara, kuma sukan hau inda masu ƙafa ke bi. Kada ka sauya gefe ba ka waiwaya ba. Manyan titunan kuma ta gada ko ta inda fitila ta ba da hannu ake tsallaka su.

Cikin minti ashirin za ka ga gini mai rufin shuɗi da kusurwa takwas a tsakiyar fili. Zauren tunawa da Sun Yat-sen ke nan, jagoran juyin 1911 da ya kawo ƙarshen sarauta a ƙasar Sin, ɗan wannan lardi na Guangdong, wanda ya rasu a 1925. An fara ginin a 1929 aka gama a 1931, kuma wanda ya zana shi, Lü Yanzhi, ya rasu bai ga kammalarsa ba. Yana ɗaukar mutum fiye da 3,000, babu ginshiƙi ko ɗaya a tsakiyar zauren da zai tare wa mai kallo gani. Ni a ganina ba sai ka yanki tikitin shiga ba. Ka ratsa harabar, ka huta a inuwa, ka sha ruwa, don a nan ne za ka yanke shawarar da ta shafi gwiwarka.

Hawa biyu, ka zaɓi ɗaya

Bayan zauren akwai titin Yingyuan, daga nan matattakala ta miƙe sama zuwa dogon dutsen tunawa da Sun Yat-sen mai tsayin mita 37 da ke kan tudun. Takunta sun kusa 500. Ita ce hanyar da ta fi gajarta kuma ta fi kyan gani, akwai wuraren tsayawa a tsakani, tsofaffin gari ma suna hawanta kullum da safe don motsa jiki. Amma tudun da bai fi mita 70 ba yakan zama wani abu dabam a iskar Guangzhou, inda gumi ba ya bushewa a jiki. Mutumin da ya saba da zafin Kano mai bushewa yakan raina wannan, sai ya kai rabi ya ga riga ta jiƙe sharkaf, numfashi yana sama-sama.

Shawarata gare ka, Alhaji, ka bar matattakalar nan. Ka koma titin Jiefang ka ci gaba da yin arewa ta gefen tudun, ka shiga lambun ta ɓangaren yamma, inda hanya mai kwalta take hawa a hankali har gindin hasumiyar tsaro. Za ka ƙara kamar minti goma sha biyar, amma hawa ne na gangare ba na taku ba. In ma ƙafar ta fara magana tun a zauren, akwai tashar layi na 2 a gefensa, tasha ɗaya ce zuwa ta lambun Yuexiu. Ka tuna kuma saukowa ta fi hawa cin gwiwa, don haka ko ka ji ƙarfi ka hau ta matattakala, kada ka sauko ta nan.

Shiga lambun kyauta ne. Faɗinsa ya kai hekta 86, da tuddai bakwai da tafkuna uku da aka haƙa, saboda haka kada ka ce sai ka zaga shi duka. Abu uku ne naka, kuma suna kusa da juna.

Na farko hasumiyar Zhenhai, wadda aka gina tare da ganuwar a 1380, jan gini mai hawa biyar, faffaɗa a ƙasa tana tsukewa a sama. Yanzu gidan tarihin birnin ne, kowane hawa da zamanin da yake ba da labari, daga kafuwar garin fiye da shekara 2,200 da suka wuce har zuwa lokacin da Turawa suka riƙa zuwa sayen shayi, siliki da tangaran. Ɗan kasuwa zai ji daɗin wannan sashe, domin daga 1757 zuwa 1842 Guangzhou ce kaɗai tashar da aka yarda Turawan Yamma su yi ciniki a cikinta, kuma ta hannun wasu dillalai ƙalilan da hukuma ta ba izini. Ana biyan kuɗi kaɗan a shiga, kuma gidajen tarihi a ƙasar galibi ba sa buɗewa ranar Litinin. A farfajiyar akwai tsofaffin igwa a jere.

Na biyu ganuwar kanta, wadda ta wuce ta gindin hasumiyar. Wannan ne wurin da na fi so a duk tafiyar, kuma shi ne wanda jama'a suka fi wucewa ba su lura ba. Ƙasanta jan dutse ne, samanta tubalin toka-toka, itatuwa kuma sun tsiro a kanta sun saƙa saiwoyinsu a jikin bangon tun daga sama har ƙasa, har ba ka iya cewa bangon ne ke riƙe da itacen ko itacen ne ke riƙe da bangon. Hanyar da ke bin gindinta a shimfiɗe take, ga inuwa, ga benci. A nan za ka ga rayuwar tsofaffin garin: masu rawa da rediyo, masu motsa jiki a hankali kamar ba sa so, masu karta, masu rera waƙa a ƙungiya da takarda a hannu. Wani zai iya kallonka ko ya nemi hoto da kai, musamman in kana cikin kaftani da hula; yawanci sha'awa ce kawai, in ba ka so ka girgiza kai.

Na uku awakin da aka ba ka labari. Suna kan wani ɗan tudu ta yammacin lambun, akwai 'yan matattakala kafin a kai, amma ba masu yawa ba. An sassaƙa su ne wajen 1960 da gutsattsarin dutse fiye da 130, tsayinsu duka kimanin mita 11: babban bunsuru a sama da zangarniyar shinkafa a baki, huɗu na kewaye da shi, har da ɗan akuya yana shan nono. Tatsuniyar garin ta ce an yi yunwa a dā, sai wasu mutane biyar marasa mutuwa suka sauko daga sama a kan awaki biyar, suka ba mutane irin shinkafa, suka tafi suka bar awakin suka zama duwatsu. Shi ya sa ake yi wa Guangzhou laƙabi da Birnin Awaki, kuma za ka ga hoton nan a jikin kaya da alluna ko'ina a gari. Gaskiya sabon abu ne in aka gwada shi da ganuwar, kuma kullum cike yake da masu hoto. Ka ɗauki naka ka sauka.

Sallah, abinci da fita

In ka bar masauki da ƙarfe takwas, za ka gama da awakin wajen sha biyu. Ka fita ta ƙofar yamma zuwa titin Jiefang, ka tsallaka, ka yi arewa kaɗan. Kusa da lambun furanni na Lanpu akwai masallacin Xianxian da tsohuwar maƙabartar Musulmi, inda ɗimbin 'yan Afirka da Larabawa ke yin Juma'a. Mai yiwuwa ma ka taɓa zuwa ba ka san lambun ne a tsallaken titi ba. Akwai wurin alwala. Musulmin Sin suna danganta kabarin da ke wurin, da ma masallacin Huaisheng, ga Sahabi Sa'ad ɗan Abi Waƙƙas, Allah Ya ƙara masa yarda. Abin da ke cikin littattafan tarihin Musulunci shi ne ya rasu a Aƙiƙ kusa da Madina aka binne shi a Baƙi'a, don haka ka ɗauki wancan a matsayin ruwayar mutanen wurin. Tsufan maƙabartar dai ba a jayayya a kansa. In sallah ta riske ka a cikin lambun, ka tuna alƙibla a nan yamma take da ɗan karkata arewa, ba gabas ba, kuma ya fi kyau ka ƙarasa masallaci da ka shimfiɗa darduma a inda jama'a ke kai-kawo.

Abinci kuwa, kada ka ci na kan hanya tsakanin haikalin da lambun. Girkin Guangdong yana da naman alade da kitsensa har a cikin abin da ka ɗauka ganye ne zalla. Shagunan taliyar Lanzhou na Musulmin arewa maso yamma suna ko'ina, za ka gane su da farar hular masu aikin da mayafin matan, akwai kuma masu gurasa da tsire na Xinjiang a kusa da masallatan biyu. Ko ka haƙura ka koma Xiaobei inda ka riga ka san wurin cinka. In komawar za ka yi kai tsaye ba ta masallaci ba, ka fara da awakin, sannan hasumiyar Zhenhai, ka gangara gabas ka fita ta ƙofar titin Xiaobei.

Ga wanda ke da sauran ƙarfi bayan Azahar, a gefen titin Jiefang ɗin nan, daura da lambun, akwai kabarin Zhao Mo, sarki na biyu na masarautar Nanyue, wanda ya mutu shekara 122 kafin haihuwar Annabi Isa. A 1983 masu haƙar harsashin gini suka ci karo da shi ba a taɓa shi ba. An same shi cikin rigar da aka ɗinka da ƙananan sassan wani dutse mai daraja da ake kira jed fiye da 2,000 da zaren siliki, tare da akwatin azurfa irin na Farisa da hauren giwar Afirka guda biyar. Ana shiga har cikin ɗakunan kabarin, kuma akwai sanyin na'ura.

Ka riƙe fasfonka a jikinka, doka ce ga baƙo, kuma gidajen tarihi sukan nema a ƙofa. Taswirar Google ba ta aiki daidai a ƙasar, ka sa ejan ɗinka ya rubuta maka sunayen wuraren nan da haruffan Sinanci a waya don nuna wa mutane ko direban tasi. Ka ɗauki gorar ruwa biyu, ɗaya ta sha ɗaya ta tsarki, don bayin lambun ba buta. Daga Afrilu zuwa Satumba damina ce, ruwa yakan sauko ba sallama, duwatsun tudun kuma su yi santsi, saboda haka lema da takalmi mai kama ƙasa dole ne. In an yi gargaɗin guguwar teku akan rufe lambun gaba ɗaya. Oktoba zuwa Disamba ne lokacin da tafiyar ta fi daɗi. Lokutan buɗewa da kuɗin tikiti suna sauyawa, sai ka sa mai masaukinka ya duba maka daren da za ka fita, ka kuma gaya wa mutanen sito cewa ba za su same ka ba sai bayan La'asar, don in sun san kana kusa, kiran waya ba zai bar ka ka kai ganuwar ba.